Akwatin da Ke Cewa Babu

Yayana bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa. Ko shayi sai ya huce yake sha. Umma takan ce tun yana jariri sai ya gama kallon mutum tsaf kafin ya yanke shawarar yin kuka. Ni kuwa Auta da gaggawa aka haife ni, har yau da ita nake tafe, shi ya sa muke zaman lafiya da shi. Ni in yi ta zuba, shi ya yi ta goge gilashinsa da gefen riga.

Shagon ɗinkina yana ƙasan benen da yake aiki. Kamfaninsu ƙarami ne, suna gina shafukan intanet wa makarantu da shaguna da duk wanda ya zo da bukata. Ɗakuna biyu gare su in ka cire ofishin Manaja. Akwai babban ɗaki inda masu gina shafi ke zaune, kowa da kwamfutarsa, fankar sama tana kukan tsufa a kansu. Sai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ba taga, inda ake amsa wayar masu ƙorafi. Yaya yana babban ɗaki, kusa da taga, kuma ni shaida ce ya sha wuya kafin ya samu wannan kujera.

Yana ajin ƙarshe a sakandare Baba ya rasu. Ya ajiye littattafai, ya samu tsohuwar tafireta, ya kafa tebur a bakin titi yana buga wa mutane takardu. Da kwamfuta ta zo ta kashe kasuwar, sai ya koma wani shago ya koye ta, ya ci gaba da buga takardun. A wannan shagon ne, in babu kwastoma, ya riƙa koya wa kansa yadda ake gina shafi, yana karatu a jikin allo har idanunsa suka fara ruwa. Da gumin nan nasa na yi karatu, da shi aka saya mini keken ɗinki na farko. Yanzu furfura ta cinye masa gefen kai, yana da mata da 'ya'ya uku, yana da ciwon baya, kuma ya girme wa kowa a babban ɗakin nan nesa ba kusa ba. Tafireta suke kiransa, don yadda yake dukan madannai sai ka ce sun yi masa laifi. Ba ya jin haushi, amsawa yake yi.

Kullum da rana yakan sauko da kularsa ya zauna a bencin kwastomomina ya ci abinci. Nan nake jin labarin aikinsa, ko ina so ko ba na so.

"Auta, na gaji," ya ce mini wata rana, bai ma buɗe kular ba. "Duk abin da na koya, kafin hannuna ya faɗa sai a ce ya tsufa, an fito da sabo."

"To ka bari su gama fitowa mana, sai ka koyi na ƙarshen."

"Babu na ƙarshe."

Ya ce yanzu ba a gina shafi gaba ɗaya kamar da. Guntu-guntu ake yi, yadda nake yanka hannun riga daban, wuya daban, aljihu daban. In ka gina guntu ɗaya, sai ka dasa shi duk inda ake bukatarsa, in ka gyara shi a wuri ɗaya ya gyaru ko'ina. Wasu guntayen ma ba kai za ka gina ba, wasu can sun riga sun yi sun ajiye, ɗauko kawai za ka yi. Laburare suke ce wa irin wannan, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki.

"Wato aikin wasu kuke ɗauka, ku zo kuna cika mana baki."

"Ke kin taɓa ƙera zif da hannunki?" ya ce. "Ba sayowa kike ki ɗinka ba?"

Na ce zif ɗina dai ba ya sa ni ciwon kai.

A lokacin wani asibiti mai zaman kansa ya ba su aikin shafin da marasa lafiya za su riƙa neman ganin likita ta waya, ba sai sun je sun yi layi ba. Aka raba aikin, Yaya aka ba shi akwatin zaɓi. Ɗan akwati ne da in ka taɓa shi sai sunayen sassan asibitin su sauko a jere, ka zaɓi inda za ka. Da yake sassan suna da yawa, kana iya fara rubuta abin da kake nema, akwatin ya tace maka. Wannan akwatin daga laburare ya ɗauko shi. A ganina aikin yini ɗaya ne, sai ga shi ya kwashe mako yana fama.

Farko sunayen suka riƙa saukowa suna ɓuya a bayan wani hoto, sai rabinsu ake gani. Ya gyara wannan. Sai akwatin ya kama mantuwa, ka zaɓi sashe, ka gangara ka rubuta lambar waya, ka dawo ka tarar ya koma fanko. Kwana biyu yana neman dalili. Ashe ba akwatin ne ya kamata ya riƙe zaɓin ba, uwar shafin ce za ta riƙe, ta riƙa miƙa masa. Na ce ai ko ni na san ba a ba ɗa ajiya uwa tana zaune. Ya yi murmushi kaɗan, irin na wanda ba shi da ƙarfin dariya.

Ranar ce ya gaya mini abin da ke cin ransa. Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce aikinsa yana da kyau amma yana da nawa. Ya ce mutanen asibiti za su zo ganin shafin ranar Alhamis ta sama. In akwatin bai tsaya daidai ba kafin nan, zai miƙa shi ga wani, shi kuma Yaya ya koma ɗakin waya ya ɗan huta.

"Ya huta?" na ce. "A wannan kurkukun?"

"Albashin ba zai canza ba."

"Wa ya tambaye ka albashi?"

Mu biyun mun san wanda ya shiga ɗakin waya ba ya dawowa babban ɗaki. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana rarrafe daga teburin bakin titi zuwa kujerar nan ta kusa da taga, a ce ya ƙare da ba mutane haƙuri a waya kan aikin da wasu suka yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na huce a kan wani siket da ba ruwansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Manajan ba mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a, yana gaishe ni kullum, matarsa ma ni nake yi wa ɗinki. Da mugu ne da na san abin da zan gaya masa.

Ranar Litinin Yaya ya sauko da ɗan haske a fuska, ya miƙo mini wayarsa.

"Ya gyaru. Gwada ki gani. Ki ɗauka Umma za ki nema wa likita."

Umma tana fama da gwiwa, don haka sashen ƙashi nake nema. Na taɓa akwatin, na rubuta yadda na saba rubutawa a waya: qashi. Akwatin ya ce, Babu.

"Asibitinku ba su da ƙashi," na ce.

Ya karɓa ya duba. "Mene ne wannan q ɗin?"

"Haka kowa ke rubutawa, Yaya. Ina zan tsaya neman harafi mai ƙugiya ina tsakiyar aiki?"

Ya ce in sake. Na rubuta kashi, da k ɗin kowa da kowa. Akwatin ya sake cewa, Babu. Na ce to alhamdu lillahi, wannan kam gara da babu. Wata kwastoma da ke jiran a kafa mata maɓalli ta fashe da dariya. Yaya bai yi dariya ba. Ya rubuta hakori, Babu. Ya rubuta koda, Babu. Ya rubuta makogwaro, Babu. Shi kansa ne ya fassara kalmar, domin da Turanci akwatin ya zo, kuma ya zaɓi Babu ne saboda gajarta. Yanzu ga ta tana mayar masa a fuska.

Shi duk gwajin da ya yi a sama, da madannansa masu ƙugiya ya yi, domin Yaya ko saƙon sayo burodi zai tura wa matarsa sai ya sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa sauran jama'a ba haka suke ba. Ya ce waɗanda suka gina akwatin sun tuna da haruffan wasu harsuna, masu ɗigo da masu hula a ka, in ka rubuta ba hular ma akwatin zai gane. Namu ne ba su san da su ba. A wurin akwatin, k da ƙ ba su haɗa komai ba, ko gaisawa ba sa yi.

Ya rufe kular da abincin a ciki ya hau sama.

Washegari ya ce ya kai wa Manaja maganar, Manaja ya ce ai abu mai sauƙi ne, a cire ƙugiyoyin gaba ɗaya a huta.

"Ka ce masa me?"

"Na ce to za a rubuta sashen kashi a shafin asibiti. Kuma masu rubuta q har yanzu Babu za su gani."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce shi dai Alhamis ya sani."

Na ce masa, Yaya, ka cire ka tsira da kujerarka, wa zai kama ka? Da gaske nake, domin ni kujerar ce a gabana. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce in ya cire, mutanen asibiti za su gwada su ga ya yi, su tafi, sai wata tsohuwa ta zo da ciwon haƙori ta rubuta yadda ta iya, a ce mata babu. Na ce tsohuwar nan ba ita za ta ciyar da 'ya'yanka ba. Ya ce ya sani. Daga nan ban ƙara magana ba, don na san shi, in ya ce ya sani, ba mai juya shi.

Ya ce laburaren ya bar ƙofa, kana iya ba akwatin taka matatar maimakon tasa. Abin da zai yi shi ne, kafin akwatin ya gwama abin da mutum ya rubuta da sunan sashe, sai a tuɓe wa dukansu ƙugiya a ɓoye, a mayar da q ta zama k, a share 'yar alamar da wasu ke maƙalawa a gefen harafi. Sunan da ido zai gani kuwa yana nan da ƙugiyarsa. Amma sai ya san duk yadda mutane ke rubutawa, kuma a sama ba zai samu wannan ba, domin abokan aikinsa da Turanci suke gwaji.

Haka shagona ya zama wurin gwaji. Yini biyu duk wadda ta shigo, kafin in auna ta sai Yaya ya gaishe ta da ladabi ya miƙa mata waya.

"Hajiya, don Allah in haƙorinki na ciwo, me za ki rubuta a nan?"

"Allah ya kiyaye! Haƙorina lafiya lau."

"Misali ne, Hajiya."

"To ka yi misali da naka."

Amma suna rubutawa. Wata ta rubuta haqori, wata hak'ori, wata ta sa alamar a gaban harafin, wata a bayansa. Wata ta rubuta baki kawai, ta ce ai haƙorin a baki yake. Mai sayar da lemo na ƙofar bene, da aka ce masa sashen ƙashi, sai ya rubuta gwiwa, ya ce shi bai san wani sashe ba, inda ke masa ciwo ya sani. Yaya ya tsaya yana kallon wannan kalmar kamar an ba shi kyauta. Ya ce ashe ba haruffa ne kaɗai matsalar ba. Sai ya ɗaura wa kowane sashe kalmomin ɓoye, gwiwa da baya da kwankwaso su kai ka ƙashi, baki da dasashi su kai ka haƙori, fitsari ya kai ka ƙoda. Yana zaune a bencina da kwamfutar a cinya, bayansa a tanƙware, yana dukan madannai, idanunsa jajur. Matarsa ta kira ni ta ce in gaya masa ya riƙa ɗiga maganin idon da aka ba shi. Na gaya masa, ya ce to, bai ɗiga ba.

Laraba da la'asar ya sake miƙo mini wayar. Na rubuta qashi, sai ga Sashen Ƙashi ya fito da ƙugiyarsa tsaf. Na rubuta gwiwa, ya fito. Na yi ta neman inda zan kama shi, na kasa. Ya nuna mini akwatin zaɓen likita da ke ƙasa, ya ce shi ma ya gyaru ba tare da ya taɓa shi ba, tunda guntu ɗaya ne aka dasa a wuri biyu. Na ce yau kam zif ɗinka ya hau. Ya jingina da bango ya lumshe ido, na ɗauka addu'a yake, ashe barci ne ya sace shi. Na rage gudun keke na bar shi.

Ranar Alhamis na ga mutanen asibiti sun hau, na ga sun sauko suna fara'a. Yaya bai sauko ba sai yamma.

"Ya yi?" na ce tun daga ƙofa.

"Ya yi."

"Sun yaba?"

"Sun yaba. Babbar nas ɗinsu ta rubuta kwankwaso don ta kama mu, ya fito." Ya zauna a hankali yana dafe da baya. "Manaja ma ya yaba. Ya ce bai san ina da kunnen sauraron mutane haka ba. Ya ce duk kamfanin babu wanda ya san yadda jama'a ke tunani kamar ni."

Na yi guɗa har mai lemo ya leƙo. Na ce yau ni zan sayi lemon, kowa ya sha. Yaya ya karɓi nasa ya riƙe bai sha ba, na ɗauka gajiya ce, don gajiyar tana nan a fuskarsa kowa na gani.

Bayan nan ya rage saukowa. Da safe zan gan shi ya wuce da jakar kwamfutarsa a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu. Da rana in na aika a kira shi sai a ce yana kan aiki. Na ce to, an ga amfaninsa, an ƙara masa nauyi. Har gori na yi wa matarsa, na ce mijinki ya zama babban mutum, ya daina cin abinci da teloli.

Ana nan gwiwar Umma ta tashi sosai, har ba ta iya sallah a tsaye. Na ce bari in nema mata likita ta shafin ɗanta. Na rubuta gwiwa, sashen ya fito, na ji daɗi har raina. Na zaɓi likita. Da na zo wurin shekarar haihuwa sai abin ya ƙi, duk yadda na yi ba ya gangarawa zuwa shekarun su Umma, kamar wanda ya gina wurin bai san akwai tsofaffi a duniya ba. Wannan ba aikin Yaya ba ne, na sani. Na kira wayarsa, na ji ta a kashe. A ƙasan shafin akwai lambar masu ƙorafi, sai na danna ta, na shirya masifata tsaf.

Aka ɗauka. Wata murya ta yi sallama a nutse, ta faɗi sunan kamfanin, ta ce, "Da me za mu taimaka?"

Muryar da ta koya mini karatun farko ce, ko cikin barci na san ta.

"Yaya?"

Ina jin ƙarar wasu wayoyi a bayansa, da wata mata tana ba wani haƙuri.

"Yaya, kai ne? Me kake yi a nan? Ba ka ce ya yi ba?"

"Hajiya," ya ce a hankali, "ana naɗar wannan kiran. Ki faɗi matsalarki."

Sai a lokacin na gane yabon Manaja. Ya yi nawa, ɗakin waya. Ya iya sauraron mutane, ɗakin waya. Duk hanyar da ya bi nan za ta kawo shi, kuma tun ranar Alhamis ɗin ya sani, ya zauna ya bar ni ina guɗa. Na dubi silin shagona, Yaya yana can samana kaɗan, tsakaninmu bai fi a taka matakala ba.

Na faɗi matsalar. Na ce wurin shekarar haihuwa ba ya kaiwa shekarun tsofaffi, mahaifiyata ce ba lafiya, gwiwa ce. Na ji numfashinsa ya canza da na ce mahaifiyata, amma bai fita daga layin aikinsa ba. Ya tambaye ni irin wayata, ya tambayi abin da nake gani a allo. Ina jin yatsunsa suna dukan madannai, yana rubuta abin da na faɗa. Na tabbata ya riga ya san inda kuskuren yake, kuma da a kujerarsa yake da kafin in ajiye waya ya gyara.

"Za ka iya gyarawa?" na ce.



"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Zan kai kukanki wurin masu gina shafin."